Hannun da Baba Ya Ƙi Sawa

Ranar Talata da hantsi Baba ya cika a asibiti, hannunsa cikin nawa. Labari ya riga mu isa gida. Mun tarar an kwaso bencina daga coci an jera a ƙofar gida, maƙwabtanmu Musulmi kuma sun shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya.

Tsofaffin sojoji ne suka fara zuwa a ƙungiyance, ɗan abin da ya rage cikin sa'o'insa, wani da sanda, wani ana riƙe da hannunsa. Ba su gaisa da kowa ba sai da suka je gaban kujerarsa a zaure, suka jeru, suka sara mata. Baba Kofur ne ya ba da umarni, abokin mahaifina tun daga fagen yaƙi, wanda ido ɗaya ya rage masa. Sannan ya juyo wurina ya ce, "Sannu da rashi, 'yata. Saje ya riga mu."

Da yamma 'yan siyasa suka iso da motocinsu. Wani mai babbar riga ya ce Honarabul, wato Baba, uba ne ga kowa a ƙasar Zuru. Na gane fuskarsa, yana cikin waɗanda suka kayar da Baba a zaɓen fid da gwani. Zumuntar mata suna ta waƙa a tsakar gida. Da na zaga bayan kicin ɗiban ruwa, sai na ji mata biyu suna magana ƙasa-ƙasa.

Ɗaya ta ce, "Mutumin kirki ne dai."

Ɗayar ta ce, "Kirki ga wa? Je ki tambayi na bayan katanga."

Na bayan katanga su ne Baba Ƙarami, ƙanen Baba ciki ɗaya, da matarsa da muke kira Mama Ƙarama. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Dā akwai ƙofa a jikinta, amma shekara goma sha ɗaya ke nan da aka toshe ta da bulo. Duk mai gaisuwar da ya shigo sai idonsa ya je wurin, ya ɗauke da sauri. Har rana ta faɗi ba wanda ya zagayo daga can.

Ɗana ya iso daga Ribah a kan babur ɗinsa. Ya taya ɗaukar bencina, ya kai wa baƙi ruwa, ya gaishe ni kamar yadda ya kamata. Bai shiga ɗakin kakansa ba, bai kuma yi hawaye ba, kuma mutane sun lura.

Ina rubuta wannan ne saboda a garin nan akwai labarin Baba da kowa ya haddace, kuma labarin ba daidai yake ba. Ni na san inda ya karkace, domin ni na karkata shi.

Baba yana da shekara goma sha tara ya shiga soja. Lokacin yana cikin yi wa iyayen mahaifiyarmu golmo, wato noman shekara da shekaru da saurayi ke yi wa surukai a wurinmu kafin a ba shi mata. Yaƙin basasa ya ɓarke, motar ɗaukar soja ta zo kasuwa, ya ajiye garma ya hau. Baba Ƙarami, da bai wuce sha biyar ba, shi ya ci gaba da zuwa gonar surukan a madadin wansa har aka gama yaƙi. Mahaifiyarmu, Allah ya ba ta hutawa, takan yi dariya ta ce rabin sadakinta gumin ƙanen mijinta ne. Haka suke, Baba da ƙanensa. A kwano ɗaya suke cin tuwo har gashinsu ya yi fari.

Ba ya ba da labarin yaƙi. Abin da muka sani a jikinsa muka gani. Akwai ƙarfe a cinyarsa ta hagu da likitoci suka ce a bar shi, in damina ta kama sai ya riƙa ɗingishi. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. Cin abincinsa kamar ana korarsa. A lokacin Kirsimeti, in yara suka fara fasa abin wasan nan mai ƙara kamar bindiga, sai ya ɗauki fartanya ya tafi gona, ko da babu aikin yi. Sau ɗaya wani baƙo ya matsa masa ya faɗi mutum nawa ya harbe. Baba ya dube shi ya ce, "Wanda ke jin daɗin ba da labarin yaƙi, a kicin ya yi shi." Baƙon bai ƙara tambaya ba.

Ni ma soja na aura, kamar yawancin 'yan matan unguwarmu. Aka tura maigidana aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa, bai dawo ba. Ɗana yana da shekara biyar. Motar kaya ce ta sauke mu a ƙofar gidan Baba, da katifa da akwatuna da tukwane ɗaure a zane. Baba ya fito ya ɗauki yaron ya aza a wuya, ya ce, "Ga abokin faɗana ya iso." Daga ranar shi ne ubansa. Wasan jika da kaka suke yi ba dare ba rana. Yaron ya ɗauke masa hula, Baba ya bi shi da ɗingishi yana cewa zai kai shi gadirum, inda ake tsare soja mai laifi. Shi ya koya masa goge takalmi har mutum ya ga fuskarsa a jiki, shi ya koya masa fareti a tsakar gida da sandar tsintsiya a kafaɗa. Abokin faretin nasa shi ne autan Baba Ƙarami, wanda wata huɗu kawai ke tsakaninsu. Auta muke ce masa. Ta ƙofar nan ta katanga suke wuni suna shige da fice.

Siyasa kuwa ba shi ya neme ta ba. Tsofaffin sojoji da gwaurayen mata irina ne suka taru suka ce shi suke so ya tafi majalisar jiha, saboda shekara da shekaru shi ke cika musu takardun fansho a zaure, yana raka su ofis-ofis. Ya ce shi ba ɗan boko ba ne. Baba Kofur ya ce, "Masu bokon ai mun gwada su." Ya ci zaɓe, mutane da yawa suka yi mamaki, har da shi.

Sau ɗaya na je Birnin Kebbi na zauna a wurin 'yan kallo. Ranar ya kawo batun a keɓe filaye da ɗan tallafi ga matan sojojin da suka rasu. Da Hausarsa ta mutumin Zuru ya yi magana, wadda wani lokaci takan mai da mace namiji, na ga wasu suna murmushi. Wani matashin ɗan majalisa ya miƙe ya ce cikin ladabi, harkar soja ta gwamnatin tarayya ce, ba hurumin jiha ba. Baba ya sake tashi a hankali, yana dafe da tebur.

Ya ce, "Gaskiyarka, ɗana. Sojan na tarayya ne. Amma in ya faɗi, matar da 'ya'yan ba a ƙofar tarayya ake sauke su ba. A ƙofar gidana ake sauke su, da tukwanensu."

Bai dubi inda nake ba. Batun bai wuce a ranar ba, sai daga baya, kuma an rage shi sosai, amma akwai mata a Zuru da Wasagu da ke zaune yau a ɗakunan da suka gina a kan filayen nan.

Zango ɗaya ya yi. Aka ce ba ya sakin hannu, aka ce yana yi wa manyan jam'iyya magana kamar kurata. Duka biyun gaskiya ne. Baba yana da kaifin baki, ba ya kuma iya ba da haƙuri ko da ya gane shi ne da laifi. Iyakarsa ya aiko maka da doya ko kaza, kai ka gane.

Abin da ya fi cika zaurenmu a shekarun majalisa shi ne samari masu neman shiga soja. Fom ɗin yana bukatar sa hannun wani babba da zai tsaya wa yaro, ya shaida halinsa da asalinsa, kuma a ƙasarmu ba hannun da ya kai na Baba daraja: tsohon saje, ga shi ɗan majalisa. Ba ya sawa haka kawai. Sai ya sa yaro ya tsaya a rana, ya tambaye shi wa ya haife shi, me ya sa yake so. In yaro ya ce don kishin ƙasa, Baba ya ce, "Ƙarya kake, yunwa ce. Faɗi gaskiya in sa maka." In ya gama sawa kuma sai ya rubuta lambar wayarsa a ƙasa, ya ce, "In wani abu ya faru, ni za a fara kira."

A shekararsa ta ƙarshe a majalisa, ɗana da Auta suka gama sakandare suka sayi fom tare. Ni na ga fom ɗin a ƙarƙashin katifar ɗana. Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Na kasa yi masa magana, domin na san shi. Tun yana ƙarami hoton mahaifinsa cikin kaki yake ajiye a Littafi Mai Tsarki. Da na ce kada ya je, da ya tafi, kuma da ya tafi da fushina.

Sai na bi Baba gona. Da sassafe ne, yana duba dawa. Na durƙusa a kan kunya, raɓa ta jiƙa mini zane, na ce, "Baba, na ba su mijina. Shi kaɗai ya rage mini. Kada ka sa masa hannu."

Muka yi ta ja-in-ja, yana kawo dalili ina kuka. A ƙarshe ya ce, "To Auta fa?"

Na ce, "Auta iyayensa ne suke so. Suna da wasu 'ya'yan."

Wannan maganar ni na faɗe ta, da bakina. Ban taɓa mantawa da yadda ya dube ni ba.

Ya ce, "Tashi. Na ji. Amma ki sani, in na hana shi, sai na hana shi yadda ba zai je wurin wani ba. Kuma ba zai san daga gare ki ta fito ba."

Ranar Asabar suka zo zaure su biyu, sun yi aski iri ɗaya. Baba Ƙarami da Mama Ƙarama suna nan, da wasu samari da ke jiran layi. Baba ya karɓi fom ɗin Auta, ya yi masa tambayoyinsa, ya sa hannu. Ya karɓi na ɗana, ya juya shi gaba da baya, ya miƙa masa.

Ɗana ya yi dariya, ya ɗauka wasan da suka saba ne. Ya ce, "Tsoho, idon ne ya ƙi gani? In kawo maka tabarau?"

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba zan sa ba. Kai ba ka isa soja ba. Na san wanda zai iya, na san wanda zai jefar da bindiga ya bar 'yan'uwansa. Ba zan sa sunana a kan wanda zai ba ni kunya ba."

A gaban mutane ya faɗa. Ina tsaye a bayan ƙofa da tiren shayi. Ɗana ya ninke fom ɗin ya sa a aljihu, ya fita.

Ya gwada wasu manya biyu. Kowanne ya ce masa, in kakanka da ya raine ka ya ce ba ka isa ba, ni wa? Kafin shekara ta zagayo maganar ta gama gari, abokansa suna tsokanarsa da ita a filin ƙwallo. Ya tattara kayansa ya koma Ribah ya kama kabu-kabu. Daga baya ya buɗe shagon gyaran babura, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya uku. In ya zo Zuru yakan durƙusa ya ce, "Ina kwana, Baba," ya tashi. Bai sake ce masa Tsoho ba.

Auta kuwa ya tafi horo Zariya, ya dawo cikin kaki, unguwa ta fito kallonsa. Mama Ƙarama ta shigo ta ƙofar katanga da zakara a hannu tana rawa, ta ajiye a gaban Baba.

Shekara huɗu bayan haka aka tura su Auta arewa maso gabas. Wata ranar Alhamis, wajen ƙarfe goma, wayar Baba ta yi ƙara muna zaune ina tsince masa wake. Ya saurara, ya ce "To" sau uku, ya kashe. Ya shiga ɗaki ya sa takalmi rufaffe. Na ce in raka shi, ya ce a'a, amma na bi shi har bakin ƙofar katanga.

Mama Ƙarama tana sussukar dawa. Da ta ga yadda ya tsaya, ta ajiye taɓarya. Ya faɗa mata kai tsaye cewa Auta ya rasu, kamar yadda aka koya musu a soja. Ya ce an riga an binne shi can tare da abokansa.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta goge hannunta a zane, ta ce masa da yarenmu, a hankali, yadda duk wanda ke tsakar gidan ya ji, "Su biyu suka zo maka rana ɗaya. Ka san abin da ke can, kai ka taɓa zuwa. Ka ɓoye naka, ka tura nawa."

Baba ya tsaya kamar an dasa shi. Ina jira ya ce wani abu. Ina jira ni in ce wani abu. Ba wanda ya yi magana a cikinmu. Bayan an tashi zaman makoki, Baba Ƙarami da kansa ya kwaɓa siminti ya toshe ƙofar.

Daga nan labarin ya zauna a bakin mutane: Honarabul ya san hatsarin, ya ƙirƙiri zagi don ya tsare jikansa, ya bar ɗan ƙanensa ya tafi. Wasu kuma suka ce a'a, rainin da ya yi wa jikan gaskiya ne, sa'a ce kawai ta yaron. Ko ta wane gefe aka ɗauko shi, Baba ne mugu. Bai sake sa wa kowa hannu ba. In samari suka zo, sai ya ce hannunsa na rawa.

Gonakinsu suna haɗe, gadon mahaifinsu. Damina ta farko bayan rasuwar Auta, Baba Ƙarami bai iya fita ba. Baba ya je ya yi masa huɗa ya shuka dawa, yana jan ƙafa. Da shukar ta kai gwiwa, Mama Ƙarama ta je ta tumɓuke ta kunya-kunya, ta tara a kan iyaka. Baba ya gani, ya kwashe ya kai wa awaki. Da damina ta sake zagayowa ya sake yi. A karo na biyu ba ta tumɓuke ba, ba ta kuma yi godiya ba. Haka ya ci gaba har ƙafar ta hana shi fita, shekara uku da suka wuce.

Sau biyu na ce zan faɗi gaskiya. Na farko, ranar da aka toshe ƙofar. Ya ce, "In kin faɗa, Auta zai dawo? Ƙanena ya riga ya rasa ɗa. Ke ma so kike ki rasa naki?" Na ce ai nauyin ya yi masa yawa. Ya ce, "Ni na saba a ƙi ni. Saje ne ni." Na biyu a asibiti ne, kwana biyu kafin ya cika. Na ce, "Baba, bari in kira yaron nan in gaya masa." Ya girgiza kai a kan matashi. Can ya ce, "Muddin ina numfashi, a'a."

Zan so in ce biyayya ce ta rufe mini baki shekara goma sha biyar. Tsoro ne. Na sami inuwa na fake, na bar tsoho a rana.

An sa ranar Asabar za a yi jana'iza. A danginmu, in babba ya rasu, ƙanensa ne ke nuna wurin kabari ya yi saran farko, sannan matasa su karɓa. Ranar Alhamis fasto ya je bayan katanga, ya dawo. Dattawan dangi suka je, suka dawo. Baba Kofur ya je da sandarsa, ya daɗe, ya dawo yana share idonsa mai gani. Ya ce Baba Ƙarami yana zaune kansa a ƙasa, matarsa ce ke amsawa, ta ce wanda bai ga kabarin ɗansa ba, ba zai haƙa na wani ba.

Ranar Juma'a da safe masu haƙa suna zaune da diga da shebur, rana tana ɗagawa. Ƙannena maza suka fara cewa a yi ba tare da shi ba. Wani ya ce in aka yi haka, gidajen nan biyu sun rabu ke nan har jikoki. Murya ta fara tashi. Na ɗaura ɗankwali na kira ɗana, na ce ya zo ya raka ni.

Ya ce, "Ina?"

Na ce, "Gidan Baba Ƙarami."

Muka zaga ta titi. Tafiyar ba ta kai minti biyu ba, amma rabona da ita shekara goma sha ɗaya. Suna zaune a ƙarƙashin rumfa. Mama Ƙarama ta tsufa fiye da yadda nake hangenta a coci. Na durƙusa a gabansu, ɗana ya tsaya daga baya.

Ta ce, "In aiko ki aka yi, na riga na ba da amsa."

Na ce, "Ba wanda ya aiko ni, Mama. Baba bai ɓoye jikansa ba. Ni na bi shi gona na roƙe shi kada ya sa hannu. Ya tambaye ni, Auta fa? Na ce kuna da wasu 'ya'yan. Shi ya hana ni faɗa, ni kuma na ji daɗin hanin."

Ban ɗaga kai ba. Ina jin kaji suna tono a bayana. Ina jin numfashin ɗana.

Da Mama Ƙarama ta yi magana, muryarta ba ta da faɗa a ciki, kuma hakan ya fi mini zafi.

Ta ce, "Ashe ana roƙo." Ta sake cewa, "Ashe ana roƙo. Ni zakara na kai masa."

Sai ta rufe fuska da gefen zane. Kukan da ba ta yi ba ranar da aka kawo labarin Auta, ranar ta yi shi. Na matsa zan taɓa ƙafarta, ta janye.

Baba Ƙarami ya miƙe da ƙyar. Bai dube ni ba. Ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar garma, ya ce wa matarsa, "Zan je in sallami wana." Ba ta hana shi ba.

Da na waiwaya, ɗana ba ya nan. Na ji tashin babur a titi.

Baba Ƙarami ya yi saran farko a gefen kabarin mahaifiyarmu. Ya yi na biyu, ya yi na uku, matasa suka zo karɓa ya ƙi saki, sai da Baba Kofur ya riƙe masa kafaɗa. Mama Ƙarama ba ta zo jana'iza ba. Ta aiko da tulun kunu ta hannun surukarta. Har yau in na gaishe ta takan amsa ne da ka, kuma ban ga laifinta ba.

Ɗana ya dawo ranar Asabar ana gab da fita da akwati. Ya shiga cikin masu ɗauka, ya kama ta wajen kai. Da aka gama ya koma Ribah bai yi mini sallama ba. Na kira wayarsa sau da yawa, matarsa ce ke ɗauka, ta ce yana shago.

Sati uku bayan haka, ina shanya kayan Baba da za a raba, sai ga shi. Bai zauna ba. Ya tsaya riƙe da makullin babur.

Ya ce, "Mama, abu ɗaya na zo tambaya. Abin da ya faɗa a zaure, cewa zan jefar da bindiga. Haka yake ganina?"

Na ce, "A'a."

"Kada ki faɗa don ki faranta mini."

Na ce, "Ranar a gona, kafin ya yarda, ya yi ta musu da ni. Ya ce cikin duk yaran da suka taɓa tsayawa a zaurensa, bai ga wanda aka halitta don aikin nan kamarka ba. Ya ce in ka shiga, sai ka wuce inda shi da mahaifinka suka tsaya. Ya ce zalunci ne a hana ka. Ni na ƙi ji."

Ya juya mini baya, ya daɗe yana kallon rigunan da ke kan igiya. Kafaɗunsa suna motsi. Na bar shi.

Can ya ce, "Shekara goma sha biyar ina gaishe shi kamar baƙo."

Na ce, "Laifina ne."

Ya ce, "Na sani." Ya share fuska da tafin hannu. "Ban san ranar da zan iya zama in ci abinci da ke ba, Mama. Amma nuna mini inda zan sami siminti. Ba a yi wa kabarin daɓe ba, kuma ruwa ya kusa sauka."

Ya wuni yana aikin shi kaɗai. Da la'asar na kai masa ruwa, ya karɓa ya sha.

Wannan shi ne mahaifina: manomi, saje, ɗan majalisa na zango ɗaya, mai kaifin baki da ba ya iya cewa a yi haƙuri. Ya ɗauki laifin da ba nasa ba ya tafi da shi har kabari, bai ko yi nishi ba. Duk wanda ya taɓa jin wancan labarin ya kuma ba wani, ina roƙonsa ya koma ya ba shi wannan. Allah ya ba Baba hutawar da bai samu ba a nan, ya ba Auta ita, mu da muka rage kuma ya ba mu ƙarfin duban juna.